Laimar Taba: Gwanintar Hannun da Mu'assal Ya Kashe a Jidda

Akwai masu ganin cewa duk abin da ya shafi taba magana ɗaya ta ishe shi: guba ce, a bari. Likita ya faɗa, malami ya faɗa a kan mumbari, hukuma ta buga hoton ruɓaɓɓen huhu a jikin kwali, to me ya rage a nazarta? Ba na ja da ko ɗayansu a kan illar taba. Abin da nake ja da shi shi ne ɗaukar da ake yi cewa duk hayaƙi ɗaya ne, wai dattijon da ke wanke tumbak, wato busasshen ganyen tabar shisha, a kwano a kudancin Jidda da yaron da ke busa mu'assal, tabar shisha mai ƙamshin tuffa, a Kano abu guda suke yi. Bahaushe ya ce taba ta bambanta da garin gero. To ita kanta tabar ta bambanta da 'yar'uwarta, kuma bambancin yana cikin abin da kowa ke rainawa, wato yawan ruwan da ke jikin ganye a lokacin da wuta ta same shi, da kuma wanda ya sa ruwan, hannun mai sha ne ko injin kamfani. Wanda bai kula da wannan ba, ba zai gane yadda aka yi shisha ta suɓuce daga hannun tsofaffi ta faɗa hannun 'yan makaranta cikin shekara talatin ba.

Tarihin ba ya bukatar dogon zance. Taba baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, amma ta iso ƙasashenmu da wuri, har Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawa a kanta a 1607, ya halatta ta, wasu malaman suka saɓa masa, kuma har gobe ba a rufe wannan babin ba. A ƙasar Hausa ta samu gindin zama: ana zuƙarta a lofe, ana niƙa ta da kanwa a zuba a batta, mata suna goga furenta a haƙora bayan goro. Matafiyi Barth, wanda ya ratsa Katsina a 1851 da 1853, ya shaida cewa tabar ƙasar tana da daraja har Tambutu. A ɗaya ɓangaren na Bahar Maliya kuwa, matafiyi Burckhardt ya ƙirga shagunan taba 31 da gidajen gahawa 27 a Jidda a 1814, ya kuma rubuta cewa tumbak mafi kyau daga Shiraz yake zuwa, kuma saboda ƙarfinsa sai an wanke shi kafin a sha. Malaman Najadu sun ƙyamaci taba tun fil azal, Jidda ta shiga hannun sarkinsu Abdul'aziz a ƙarshen 1925, amma shisha ba ta bar kan mirkaz, wato bencin zaman hira, ba. Alhazanmu da suka tafi a ƙasa ta Sudan suka zauna a Jidda da Makka sun je da sanin busasshiyar taba ta ƙasar hunturu, suka tarar da mutanen da ke jiƙa tasu da ruwa kafin su ɗora mata garwashi.

Waziriyya, unguwar Jidda da filin ƙwallo na Yarima Abdullahi Alfaisal yake, wuri ne mai kyau na duba wannan al'amari, domin mazauninta yana rayuwa ne tsakanin iska biyu da ba sa ga maciji. A waje akwai iskar teku. A ƙarshen bazara, musamman watan Satumba, danshinta kan haura kashi 80 cikin ɗari da dare, har mai tabarau in ya fito daga mota sai gilashinsa ya yi hazo ya tsaya gogewa. A ciki kuma akwai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, wanda aikinsa tatse ruwan iska ya zubar ta bayan bango, ya bar ɗaki a bushe. Ganyen taba kuwa ba ya riƙe da matsayi ɗaya. Yana shan ruwa daga iska, yana kuma mayar mata, har sai sun daidaita. Ka bar shi a buɗe ƙarƙashin mukayyif, kafin dare ya raba ya yi ƙamas, yana rugurgujewa tsakanin yatsu. Ka fito da gwangwaninsa mai sanyi waje ka buɗe nan take, raɓa ta sauka a kansa. Mutumin Kano ya san wannan sauyi, amma shi wata shida ne tsakanin hunturun da danshin iska ke faɗowa ƙasa da kashi 20 da kuma malkar Agusta. Mutumin Jidda ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da yanayin biyu, kuma yana ratsa ta sau da yawa a wuni.

A nan ne nake raba hanya da masu lofen Turai da littattafansu. Su sun ce a ajiye taba a iskar da danshinta yake tsakanin kashi 60 zuwa 65, su sayi na'urar awo da 'yan fakitin ruwan gishiri da ke riƙe danshi a lamba ɗaya, su rufe a kwalba. Lissafin ba ƙarya ba ne. Sai dai mutane da yawa suna rikita lambar da wani abu dabam: wannan danshin iskar da ke kewaye da ganye ne, ruwan da ke cikin ganyen kansa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ba. Kuma ko an gane, lambar ta ma'aji ce, ba ta lokacin sha ba. Tana gaya maka halin da taba take ciki a kwalba, ba ta san abin da zai same ta a minti goman da za ta yi a faranti tsakanin fanka da iskar teku ba. Na'ura tana auna jiya, hannu yana auna yanzu. Shi ya sa nake ganin wankin tumbak ya fi duk wata dabarar kwalba zurfi, don shi ba ajiyar laima ake yi ba, ƙirƙirar ta ake yi daga farko duk lokacin da za a sha.

A duba yadda gwani yake yi. Tumbak yana zuwa ne ganye guda, faffaɗa, fatsi-fatsi, a bushe ƙayau. Abu na farko shi ne ware ganye ɗaya mai kyau da ba shi da yaga a ajiye gefe, a yayyafa masa ruwa ya yi laushi, shi ne zai zama riga daga baya. Sauran a zare musu jijiyar tsakiya, domin ita ba ta shan ruwa daidai da fatar ganye, kuma ita ce ke kawo ƙauri. Sai a murtsuke, ba a mayar da shi gari ba, a bar shi ɓarzo-ɓarzo. Daga nan a zuba ruwa. Ruwan farko yana fitowa ja-ja kamar an dafa shayi, kuma wannan launin ba datti ba ne: nikotin yana narkewa a ruwa, shi da wani sashe na ɗacin ganyen. Saboda haka yawan wanki da tsawon jiƙo su ne ma'aunin ƙarfi. Mai tsohon maƙoshi yakan so a ɗauraye sau ɗaya a tsame. Wanda bai kai shi ba a sake masa ruwa. In aka zarce kuma, an wanke ɗanɗanon tare da ƙarfin, an bar wa mutum ciyawa. Ma'ana mai haɗawa dole ya san mai sha, ya san ko da azumi ya wuni, ko yanzu ya tashi daga kan abinci. Babu kwalin kamfanin da ya taɓa yi wa mai saye wannan tambaya.

Amma wanki somin taɓi ne. Gwaninta tana wajen matsa. Ana dunƙule jiƙaƙƙen ganyen a tafin hannu a matse, ruwa ya tsiyaya ta tsakanin yatsu, a sassauta, a juya, a sake matsewa. Tambayar ita ce yaushe za a tsaya. Abin da ake nema shi ne dunƙulen da zai tsaya da kansa in an buɗe hannu, amma babban yatsa na taɓa shi ya watse, kamar dawon da aka kirɓa daidai kafin a dama. In ya bar ɗigo a tafin hannu, da saura. In ya ƙi haɗuwa ya wargaje tun kafin a taɓa shi, an wuce gona da iri, sai an ɗan yayyafa. Dalilin wannan tsanani a fili yake. Ba a sa takardar alminiyom tsakanin tumbak da wuta, garwashi ake ɗorawa kai tsaye a kan ganye. Ruwan da ke cikinsa shi ne kaɗai linzamin wutar. Muddin da ruwa, zafin garwashi yana ƙarewa ne wajen mayar da shi tururi, ganyen da ke ƙasa yana gasuwa a hankali, sama-sama kawai ke ci. In ruwan ya yi yawa, tururin ya kashe gindin garwashi, mai sha ya yi ta zuƙa har jijiyar wuyansa ta tashi, ba abin da ke zuwa sai ɗumi marar ɗanɗano, ga ruwan taba yana gangarawa cikin bututu. In ya yi kaɗan, wuta ta zarce ƙasa lokaci guda, hayaƙi ya yi yaji ya shaƙe maƙogwaro, kan da ya kamata ya raka hira ya zama toka kafin a gama gaisawa. Tsakanin waɗannan biyun tazarar ba ta fi matsa ɗaya ba. Kuma matsar da ta yi daidai a daren Janairu, lokacin da iskar arewa ke busar da komai, ta yi kaɗan a daren Satumba, lokacin da iska ba ta da wurin karɓar ƙarin ruwa. Gwani yana ƙara matsa a bazara, yana ragewa a sanyi, ba tare da ya taɓa jin sunan wata na'ura ba.

Sai ɗauri. Ana wargaza dunƙulen a tara shi a bisa kan shisha na yumɓu, a gina shi sama kamar ɗan tsibi, ba a danna shi ba, domin jiƙaƙƙen ganye in aka danne shi ya toshe. A naɗe shi da ganyen nan da aka ware, a datse saman ya yi daidai don garwashi ya zauna, a soka tsinke daga sama har ƙasa a buɗe wa iska hanya. Wannan riga ba ado ba ce, ko da yake tana da kyan gani. Ita ce ke hana gefen tsibin bushewa kafin wuta ta iso shi, ta tilasta wa iska ta bi ta cikin garwashi maimakon ta kurɗo ta gefe. A ɗakin mukayyif ko gaban fanka, kan da ba shi da riga yakan bushe daga waje ya bar tsakiya a jiƙe, ya ci wuta a karkace. Masu cewa naɗin burga ce kawai ta masu gidajen gahawa ba su taɓa lura da yadda tsibi ke ƙonewa ba.

Ko ruwan da ake wankin ma abin lura ne a gari irin Jidda. Manoman taba sun daɗe da sanin cewa ƙasa mai gishiri tana ba da ganyen da ba ya cin wuta da kyau, kuma gishiri yana janyo laima ya riƙe. Garin da rijiyoyinsa ke da zartsi, wanda a zamanin Turkawa aka janyo masa ruwa daga Ainul Waziriyya, aka kafa masa injin tace ruwan teku, sannan aka kawo masa Ainul Aziziyya daga Wadi Faɗima a 1947, gari ne da ya san cewa ruwa ba ɗaya ba ne. Ruwan da ba zai yi shayi ba, ba zai yi tumbak ba.

Lofe da jurak ba sa bukatar dogon bayani, ƙa'idar ɗaya ce. Mai lofe yana ɗibar taba da yatsu uku ya matse ya saki: in ta dunƙule ta zauna, ta jiƙe, a baza ta a faranti ta sha iska, in ta yi ƙara ta karye, ta bushe, a rufe ta da ɗanyen ƙyalle ba tare da ya taɓa ta ba, a jira. Jiƙaƙƙiyar taba a lofe tururi take yi, ta ƙona harshe, ta tara ruwa a gindin tukunya. Dabarar jefa yankan tuffa ko ɓawon lemo a jakar taba kuwa, wadda ake ta yaɗawa, gayyatar fumfuna ce, balle a Jidda. Jurak, wanda Hijazawa suka fi so a doguwar shisharsu, taba ce da aka cuɗa da maɗin rake da 'ya'yan itace, ta zo da laimarta, amma duk da haka sai an murza ta da hannu an ji halinta kafin a ɗora. Rabin aikin an yi shi a masana'anta, rabi yana hannun mai haɗawa.

Mu'assal ne ya ɗauke sauran rabin. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da kamfanonin Masar irin su Nakhla suka baza mai ɗanɗanon 'ya'yan itace a kasuwa, abin da ke cikin kwalin kusan kashi 30 ne kawai taba, sauran maɗi ne ko zuma, da gilisarin, da turaren ɗanɗano. Gilisarin shi ne sirrin. Yana kama ruwa ya ƙi saki, ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 290, kuma shi ne ke ba da farin gajimaren nan mai kauri da ake ɗauka a hoto. Da shi, taba ta daina sauraron iska. Satumba da Janairu ɗaya ne a wurinta, Jidda da Kano ɗaya ne. A buɗe kwali, a zuba, a rufe da alminiyom, a huda, a ɗora gawayi. Wanda bai taɓa riƙe ganye ba zai iya a zaman farko, kuma hayaƙin zai zo masa da sanyi da zaƙi, ba tari ba jiri mai kayarwa.

Ga inda nake son a tsaya a yi tunani. Wahalar tumbak katanga ce. Kafin mutum ya sha sai ya koya, kafin ya koya sai ya zauna kusa da wanda ya iya, kuma wanda ya iya dattijo ne da zai dube shi ya ce, "Kai yaro, ɗan wane ne kai?" In ma ya saci jiki ya gwada shi kaɗai, kuskuren matsa ɗaya ya ishe shi horo, ko ya ƙi kamawa ko ya juya masa ciki. Taba ce da ke korar baƙo. Mu'assal kuwa an ƙera shi ne don ya karɓi baƙo hannu bibbiyu. Ana yawan ɗora laifin yaɗuwar shisha a kan finafinai da waya da lalacewar tarbiyya, amma duk waɗannan talla kawai suka yi. Abin da suka tallata ba zai sayu ba da a ce yana bukatar shekara guda ta koyon matsa.

Za a ce ina yi wa guba kwalliya. Ba haka ba ne, kuma gara a faɗi gaskiya ƙarara, domin su kansu masoya tumbak suna da tasu tatsuniyar, wai wanki yana fitar da cutar, ruwan kwalba kuma ya tace sauran. Ƙarya ce. Wani awo da aka yi a Jodan a 2004 ya nuna nikotin ɗin da ke cikin tabar shisha marar ɗanɗano ya ninka na mai ɗanɗano kusan sau goma, kuma wanki ragewa yake yi, ba kawarwa ba. Kwaltar hayaƙi daga ƙonuwa take fitowa, iskar nan mai guba da ke sa ciwon kai da suma daga gawayi take, babu ruwansu da sau nawa aka ɗauraye ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa ruwan shisha ba ya mayar da hayaƙi marar illa. Tumbak ya fi mu'assal duka a kan wanda ya sha shi. Hujjata ba a kan mai sha ɗaya take ba, a kan yawan waɗanda ke shiga ne. Ƙofa ƙarama ce mai ƙaya, aka rushe ta aka yi babbar hanya.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan nauyi. Jamus ta taɓa ƙayyade abubuwan riƙe laima a tabar shisha kada su wuce kashi 5 cikin ɗari, har zuwa 2016 da aka sauya dokar. Me ya faru? Masu sha suka riƙa sayen gilisarin a kwalba suna zubawa da kansu, masana kuma suka lura cewa tabar da ba ta da isasshiyar laima tana ɗaukar zafi fiye da kima ta ƙara fitar da wasu gubobin. Ashe ke nan, in ji masu ƙorafi, taɓa laima ba magani ba ne. Amma a duba da kyau. Dokar ta hana gilisarin a kwali, ta bar shi a kan kanta kusa da kwalin, ta kuma bar ɗanɗanon tuffa da na'ana'a yadda suke. An toshe ƙofa an bar taga. Abin da labarin ya tabbatar shi ne mutane ba za su iya shan wannan abu ba sai da laimar roba, har suka yarda su biya kuɗi su yi ɗawainiyar haɗawa. Wannan shaida ce a gare ni, ba a kaina ba.

Saudiyya ta bi hanyar kuɗi: harajin kashi 100 a kan taba a watan Yuni na 2017, wani ƙarin kashi 100 a kan wuraren da ke sayar da shisha a 2019, da kwali marar tambari a shekarar. Tsada takan rage sha, ba musu. Sai dai tsada ba ta bambance ganyen da ke tsorata yaro da alewar da ke kiransa. A gefe guda kuma, rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya ci unguwannin kudancin Jidda irin su Gulail da Karantina da Sabil, inda Hausawa suka yi zamani suna zaune, jama'a suka watsu, majalisun dattawa suka tarwatse. Mutanen da hannunsu ya san bambancin matsar bazara da ta sanyi suna ƙarewa, kuma ba na cewa a nemo musu magada. Ina cewa dai masu nazarin al'adun Hausawa mazauna ƙetare, na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, su je su zauna da su, su rubuta yadda ake yi da kalmomin da ake faɗa, yadda aka rubuta na rini da na jima. Hukumomin da ke kamen shisha a biranenmu kuma, kafin su fasa kwalabe a gaban 'yan jarida, su juya bayan kwalin mu'assal su karanta abin da aka zuba a ciki, su fara da hana gilisarin da ɗanɗanon 'ya'yan itace.